Columbo na bayan 1989: in saka wa Baba ko in bar shi da na da?

Ɗan Kakuri ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata tana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri, sai na ba ku tushen maganar kafin ku gane abin da ke damuna.

Mahaifina makaniken Fijo ne. Ya fi shekara talatin yana kwance ƙarƙashin 404 da 504 a nan Kaduna. Bara da damina ya samu shanyewar ɓarin jiki na hagu. Alhamdu lillahi magana ta dawo, hannun ma yana ɗan motsi, amma zuwa gareji, inda yakan je ya zauna ko ba zai taɓa sifana ba, ya gagara. Ga shi mutum ne da bai saba zaman gida ba. Rediyo ta ishe shi, labarai suna tayar masa da hawan jini, finafinan da ƙannena ke kallo kuwa ya ce ihu ne kawai da harbe-harbe.

Wata rana ina gyara masa ɗaki na ci karo da wani kwali, a ciki akwai kaset ɗin bidiyo guda shida, duk sun yi hunhuna. Ya ce wani Bature da suka yi aiki tare ne ya bar masa su da zai koma ƙasarsu. Columbo ne, tsohon shirin talabijin na Amurka na ɗan sanda mai binciken kisa. Na'urar kunna su ta mutu tun ina firamare, sai na sa wani abokina da ke Ingila ya sayo mini faifan DVD na tsofaffin, wato na tashar NBC, daga na gwaji na 1968 har zuwa 1978. Guda 45 ne.

Jama'a, ban taɓa ganin abin da ya dawo wa Baba da walwala kamar wannan ba. Kowace Asabar da Lahadi bayan isha'i nake zuwa, in jingina masa filo, mu kalli ɗaya. Turancinsa na gareji ne, don haka inda magana ta yi yawa sai in tsayar in fassara masa. Abin da ya fi burge shi tsarin labarin ne: tun a farko ana nuna maka wanda ya yi kisan da yadda ya yi, ba a ɓoye maka komai. Saura ka zauna ka ga yadda wannan ɗan sanda mai yamutsattsen kwat zai bi ta kan ƙaramin kuskure har ya kama attajirin da ke raina shi. Baba ya ce haka gyaran mota yake, ƙarar da mai mota ya ce ba komai ba ce, ita ce matsalar. Ya sa masa suna Malam Saura Ɗaya, saboda yadda yake kaiwa bakin ƙofa ya juyo da wata tambayar. Motar kuwa kada ku so ku ji. Peugeot 403 ce mai buɗaɗɗen sama, duk ta tsufa, kuma duk lokacin da ta fito sai Baba ya ce in mayar baya ya saurari injin. Wai da za a kawo masa ita kwana biyu sun ishe shi.

To mun gama 45 ɗin makon jiya. Na san akwai wasu 24 da aka yi a tashar ABC daga 1989 zuwa 2003, ba mako-mako ba, sai dai fim-fim. Ban gaya masa ba tukuna. Dalili biyu ne. Na farko, na ji ana cewa ba su kai na da ba, kuma ba na son in ɓata masa abin da yake so. Na biyu, wanda ya fi damuna: Peter Falk, wanda ke fitowa a Columbo, ya tsufa a cikinsu. A na ƙarshe shekarunsa 75. Baba yana da 74, kuma tun da ciwon nan ya same shi ba ya son madubi. Ina tsoron ya ga gwaninsa yana jan ƙafa, abin ya koma masa ciki.

Waɗanda suka kalla, don Allah: sun cancanci kuɗin da wahalar? In sun cancanta, da wanne zan fara, wanne zan tsallake? In kuma akwai wani tsohon shirin bincike da aka dawo da shi a irin wannan siga wanda ya fi dacewa da dattijo, ku faɗa mini.

---

Lauyan Sabon Gari ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kai kuma Allah ya yi maka albarka.

Ni ba Columbo ne gwanina ba, Perry Mason ne, kuma ina ganin in ka fahimci yadda aka dawo da shi za ka gane abin da za ka tarar a sauran, domin shi ne ya buɗe ƙofar sosai.

Asalin shirin an yi shi a CBS daga 1957 zuwa 1966, baƙi da fari, kashi 271, Raymond Burr ne lauyan. Ka lissafa, kusan kashi talatin ke nan a shekara. Wannan aiki ne na mai jini a jika. Bayan shekara goma sha tara, a Disambar 1985, NBC ta fito da Perry Mason Returns, fim guda na awa biyu. Kafin lokacin, uku daga cikin manyan 'yan wasan sun rasu: Ray Collins a 1965, William Talman, mai gabatar da ƙara da kullum ake kayarwa, a 1968, da William Hopper, mai binciken Mason, a 1970. Saura Burr da Barbara Hale, sakatariyarsa Della Street. Dubi dabarar da suka yi. Ba su yi kamar shekarun ba su wuce ba. Suka nuna Mason ya zama alƙalin kotun ɗaukaka ƙara, ga gemu, ga jiki. Sai aka tuhumi Della da kisan mutumin da take yi wa aiki, shi kuma ya ajiye kujerar alƙalanci don ya kare ta. Wurin mai binciken da ya rasu kuma suka sa ɗansa a labarin, wanda ya fito a ɗan kuwa William Katt ne, ɗan Barbara Hale na cikinta. Mutane suka kalla ƙwarai, tashar ta ga akwai ciniki, aka ci gaba. Burr ya yi 26 kafin ya rasu a Satumbar 1993. Aka ƙara huɗu ba shi, ɗaya da Paul Sorvino, uku da Hal Holbrook, a matsayin wasu lauyoyi da ke riƙe ofishin, abin ya tsaya a 1995. Waɗannan huɗun kada ka ɓata lokacinka. Ofis ne babu mai ofis.

Me ya sa tashoshi suka rungumi wannan salo? Sunan da jama'a suka riga suka sani ba ya buƙatar talla mai yawa. Masu kallon da suka girma da shi sun zama magidanta masu zaman gida da daddare. Jarumin kuma, wanda ba zai iya kashi talatin a shekara ba, zai iya biyu ko huɗu. Shi ya sa ka ga Kojak ya dawo a 1985 da 1987, sannan ya ƙara biyar a ABC tsakanin 1989 da 1990. James Garner ya dawo da Rockford sau takwas daga 1994 zuwa 1999. Angela Lansbury ta yi huɗu bayan shirinta na Murder, She Wrote ya ƙare a 1996.

Amma ga inda gizo ke saƙar. An ba su gurbin awa biyu, in ka cire talla saura minti casa'in da 'yan kai. Labarin Perry Mason na asali minti hamsin ne, a matse, babu ɓata lokaci. Da aka miƙe shi ya ninka, dole a cike gurbi. Sai aka raba fim biyu: Mason yana zaune ko yana dogara sanda yana tambayar mutane, wani saurayi kuma yana can yana bin mota da gudu, yana faɗa a mashaya, yana cacar baki da wata budurwa. Ni in na zo wajen saurayin nan tashi nake in haɗa shayi. Minti ashirin na ƙarshe, na kotu, su ne fim ɗin.

Kuma a matsayina na wanda ya shekara goma sha bakwai yana shiga kotu, ban taɓa ganin shaida ya fashe da kuka ya ce ni na kashe shi ba. Ko sau ɗaya. Abin da na fi gani shi ne a ɗage zama. Amma har gobe ina kallo.

Game da tsoronka na biyu, ni akasin haka na gani. Burr yana fama da ciwon daji a na ƙarshe-ƙarshen, kana ganin yadda yake jingina da tebur. Amma da ya buɗe baki, muryar nan tana nan, kotu ta yi tsit. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta fi son waɗannan a kan na baƙi da fari. Takan ce na da ɗan gayu ne, na yanzu dattijo ne.

---

Maman Ilham ta rubuta:

Sannu Ɗan Kakuri, ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Barista ya kawo tarihi, ni bari in amsa abin da ka tambaya, don na kalli duka 24 ɗin, wasu sau uku. Lokacin da nake karatun digiri na biyu a Leeds, kusan kowace Lahadi da rana sai wata tasha ta saka Columbo, ni kuma ga sanyi, ga goyo, ba inda zan je.

Gaskiya ba su kai na da ba. Amma ba duka suka lalace ba, kuma lalacewar ba daga tsufan Falk take ba. Richard Levinson, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro shirin, ya rasu a 1987, kafin a dawo. Kuma irin abokan karawar da ake samu a da sun yi ƙaranci. Ka tuna Jack Cassidy, wanda ya yi kisa sau uku yana murmushi kamar mai karɓar baƙi? Ya rasu tun 1976. Daɗin Columbo ai a raini yake: babban mutum yana kallonsa kamar almajiri ya shigo falo da takalmi, shi kuma yana ƙasƙantar da kai yana haƙa masa rami. In mai kisan ba shi da kwarjini, Columbo ba shi da wanda zai yi wa ladabin ƙarya, sai ya koma wasan barkwanci. A wasu na bayan an mayar da shi kamar wawa na gaske, alhali a na da kowa ya san wautar riga ce yake sawa.

Ka fara da Agenda for Murder na 1990. Patrick McGoohan ne mai kisan, lauya mai harka da 'yan siyasa, kuma shi ya ba da umarni. Baba ya riga ya san shi, shi ne shugaban makarantar soja a na 1974. Shi da Falk duk sun samu kyautar Emmy a kan aikinsu na wannan zangon. Ba zan faɗa maka yadda aka kama shi ba, amma ka sa ido a kan abin da ke bisa teburin mamacin. Daga nan Columbo Goes to College, shi ma 1990, inda wasu ɗalibai biyu 'ya'yan masu kuɗi suka kashe malaminsu suna kuma kwaikwayon Columbo a bayan idonsa. Wannan zai yi wa Baba daɗi, duk dattijon da yara suka taɓa yi wa kallon ya wuce zamani zai ji sanyi a ƙarshensa. Robert Culp, wanda ya sha fitowa a mai kisa a na da, shi ma yana ciki, amma wannan karon uban ɗaya daga cikin yaran ne. Sai Ashes to Ashes na 1998, McGoohan ya sake dawowa a mai gidan shirya jana'iza. Sai dai akwai ƙona gawa a ciki, ka san yadda dattawanmu suke da wannan, ka fara gaya masa.

Waɗanda za ka tsallake. Akwai biyu da aka ɗauko daga littattafan Ed McBain, No Time to Die na 1992 da Undercover na 1994. Ba Columbo ba ne, wani labarin 'yan sanda ne aka cusa shi ciki. A na farkon ma ba kisan da ake bincike, amarya aka sace, kuma har bindiga aka ba shi ya riƙe. Mutumin da ya shekara ashirin yana guje wa gwajin harbi!

Sannan maganar kunya, tunda da mahaifi za ka zauna. ABC ta ƙarshen shekarun 1980 ba NBC ta 1971 ba ce. Akwai ɗaya a zangon farko na 1989 da sunansa kaɗai ya isa ya gaya maka, likitar harkar ma'aurata ce mai kisan, kada ka ma fitar da faifan daga kwali. It's All in the Game na 1993, wanda Falk ya rubuta da kansa, fim ne mai kyau, Faye Dunaway ta yi ƙoƙari har ta samu Emmy, amma tana ta yi wa Columbo kwarkwasa har da sumba. Ka kalle shi kai kaɗai tukuna. Ni dai da surukata na taɓa kunna shi, har yau ban manta yadda na riƙa neman rimot ba.

Tambaya ɗaya, ka yafe ni in na yi shisshigi: mahaifiyarku tana raye? Akwai Rest in Peace, Mrs. Columbo, yana buɗewa ne da jana'izar matarsa, yana tsaye a maƙabarta cikin ruwan sama. Ba zan ce komai a kan yadda ya ƙare ba, amma farkon yana da nauyi.

---

Ɗan Maraɗi ya rubuta:

Salamu alaikum ƴan uwa. Allah ba tsoho lafiya.

Mu nan da Faransanci muka san Columbo, ta tashoshin Faransa da muke kamawa da parabol. Faransawa suna son shi ƙwarai, har yau ba su daina maimaita shi ba. Abin da zai ba ku dariya, sai da na girma na ji muryar Peter Falk ta gaskiya, kuma ban yarda da ita ba. A kunnena muryar Columbo ita ce ta Serge Sauvion, wanda ya yi masa magana da Faransanci shekara da shekaru, tsoho da sabo. Shi ya sa mu ba mu ji wani tsalle tsakanin na 1978 da na 1989 ba. Kuma tashoshin ba su bin jeri, yau su sa na 1973, mako mai zuwa na 1991. Sai dai ka gane ta faɗin kwalar riga da irin tarhon da ke kan tebur.

To shawarata ke nan, Ɗan Kakuri. Wa ya ce sai ka bi su a jere har ka kai ga na 2003? Ka gauraya. Sabo ɗaya, tsoho ɗaya da ya riga ya gani. Columbo ba shirin da ake bin labari daga kashi zuwa kashi ba ne, ba a ƙara masa girma, yana laftana tun farko har ƙarshe, matar ba a taɓa nuna ta ba, karen ma bai samu suna ba. Maimaici ba ya rage masa komai tunda dama ka san mai kisan.

Na 2003 kam ni ma ban so shi ba, ba don ya lalace ba. An kai shi gidan rawar samari, ga kiɗa mai bugun ƙirji, ga fitilu, shi kuma farin kai yana yawo cikinsu kamar kaka ya zo neman jika. Daga baya ciwon mantuwa ya kama Falk, ya rasu a 2011. In ka san haka, kallon na ƙarshen yana da wuya. Ban ga dalilin gaya wa tsoho wannan ba.

Maganar 403, babana ma ya yi ta kafin a haife ni, akori-kura, yana ɗaukar gyaɗa. Ka gaida mini Baba, ka ce ɗan direba na gaishe shi.

---

Yaro Mai Data ya rubuta:

Ni fa yayyena ban gane ba. An nuna maka wanda ya yi kisan a minti goma na farko, me kuma za ka zauna jira awa ɗaya da rabi? Na gwada ɗaya saboda wannan zaren, barci ya kwashe ni.

Kuma duk irin waɗannan dawowar neman kuɗi ne kawai. Na kalli Luther na 2023 a Netflix, sun ɗauki shirin da ke da kyau a lungunan Landan sun kai shi kan ƙanƙara da jirgi mai saukar ungulu. Wanda kawai na yarda da shi Monk ne, fim ɗin da ya fito ƙarshen 2023 bayan shekara goma sha huɗu da gama shirin. Mutum mai tsoron ƙwayoyin cuta, ga korona ta zo ta wuce, kowa ya koma wanke hannu irin nasa. Wannan aƙalla akwai dalilin dawowa. Ku saka wa Baba Monk kawai, kashi 125 ne, zai daɗe bai ƙare ba.

---

Lauyan Sabon Gari ya rubuta:

Ƙanena Mai Data, ai ba wanda ya ce sadaka suke yi. Na 1971 ma don kuɗi aka yi shi. Amma ka faɗi gaskiya ɗaya ba ka lura ba: Monk ya yi maka ne saboda sun bar shekarun sun taɓa mutumin. Abin da na ce game da Mason ke nan.

Sai dai ban goyi bayan a kai wa Baba fim ɗin Monk ba. Ka manta yadda aka nuna shi a ciki? Ya yanke ƙauna da rayuwa, yana tara ƙwayoyi a ɓoye. Mai jinyar da aka ce ba ya son madubi ba shi za a saka wa wannan ba. Shirin na asali ba laifi.

Batun barci kuwa, ka sake gwadawa bayan shekara ashirin.

---

Ɗan Kakuri ya rubuta:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na yi shiru ne don faifan sai da suka yi mako uku kafin su iso, wanda ya kawo su ya tsaya Abuja biki.

Hajiya Maman Ilham, ba shisshigi ba ne. Mama ta rasu shekara uku da suka wuce. Na cire wancan faifan da sauran da kika ambata na sa a aljihun mota, na gode da kika tuna.

Ranar Asabar na saka Agenda for Murder, ban yi masa wani bayani ba, na ce kawai an samo wasu. Gabana yana ta faɗuwa. McGoohan yana fitowa Baba ya ce, "A'a, kanar ne! An sake shi?" Na ce wani mutum ne daban a wannan labarin. Ya ce ko ma wane ne, idon mugu ba ya canzawa.

Sai ga Columbo. Na saci kallon Baba. Fuskar Falk ta yi nauyi, ya ƙara duƙawa, muryar ta ƙara kaushi. Baba bai ce uffan ba. Da mota ta fito ne ya ɗaga hannun dama ya ce tsaya, mayar. Na mayar. Ya ce lambar ba ita ba ce. Na ce Baba ita ce mana. Ya ce ta da 044 APD ce, wannan kuwa da 448 ta fara. Na ɗauko tsohon faifai na duba, wallahi haka ne. Mutumin da wani lokaci yake kiran ƙanwata da sunan yayarta. Ya shafe kusan minti goma yana yi mini bayanin cewa ko dai an sake rajista ko kuma wata motar ce aka samo aka tsufar da ita da gangan, kuma shi ya fi zargin na biyun, don a cewarsa tsatsar gaske ba a nan take fara ci ba. Ban san ko yana da gaskiya ba, ban kuma yi musu ba.

Wajen ƙarshe, da Columbo ya fito da hujjarsa, Baba ya yi dariya har sai da na ba shi ruwa. Hajiya, kin yi gaskiya game da teburin. Shi ya riga ni lura ma.

Bayan an gama ina naɗe waya sai ya ce, shekarunsa nawa a nan? Na ce sittin da biyu. Ya ce yaro ne. Ya ce har zuwa yaushe ya yi? Na ce har yana da saba'in da biyar. Ya yi shiru, ya ce da kwat ɗin? Na ce da shi. Da motar? Na ce da ita. Ya ce to saura nawa? Nan na yi kuskure, maimakon in rage waɗanda na ɓoye sai na ce ashirin da uku. Ya ce a riƙa ɗaya a mako, ba biyu ba, Lahadi a maimaita tsoho. Ɗan Maraɗi, ka ga shawararka ce ya kawo da kansa, kuma ya ce yana amsa gaisuwa, wai akori-kurar 403 ba ta mutuwa sai dai a gaji da ita.

Yanzu matsalata ita ce yana ƙirgawa. Ya sa ƙanwata ta rubuta 23 a bayan kalanda, kowace Asabar zai soke ɗaya. Biyar suna aljihun mota. Na McBain biyun zan iya saka masa ya yi tsaki ya wuce, na Faye Dunaway in riƙe rimot a hannu. Na likitar nan zan ce faifan ya karce. Saura na jana'izar. Hajiya, tunda kin san ƙarshensa, ki turo mini ta saƙon sirri, kada ki ɓata wa sauran. Ina son in san ko abin da zan iya gaya masa tun kafin mu fara ne.